Muna Tsaron Hanta, Ashe Zuciyar Falmata Ke Gajiya

Na gode wa Allah da Ya nuna mini ranar da zan iya ba da labarin nan. Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Abin da ya sa na daure, har yau in na je asibiti ina ganin iyaye mata a kan benci riƙe da yara masu kumburarren ciki, ido ya yi ɗorawa shar, kowacce hankalinta na kan cikin ɗanta. Ni ma shekaru na yi a haka. Domin su nake rubutawa.

Ni malamar firamare ce. A Dukawuya muke, a babban gidan iyayen maigidana. Su Barebari ne, kakanninsu fataucin kanwa ya kawo su daga Barno. Maigidana zare da huluna yake sayarwa a Ƙofar Wambai. Ni kuwa Bafulatana ce, kuma Falmata ce 'yar farinmu, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, yadda na tarar iyayena na yi. "Ke" nake ce mata, ko in ce 'yar Iya. Iya ita ce surukata, kuma tun da aka yaye yarinyar a ɗakinta take kwana.

Ciwon ya soma ne a shekarar da soja suka miƙa mulki, lokacin Falmata ba ta daɗe da shiga aji ɗaya ba. Idonta ya canja, aka ce shawara ce. Iya ta hana ta mai, ta jiƙa saiwoyi, aka yi ta sayo rake. Ya tafi, ya dawo. Da ya dawo na uku da kumburin ciki ya dawo, sai muka nufi asibitin koyarwa. Bayan gwaje-gwaje suka ce ciwon hanta ne mai daɗewa, hantar ta fara tauri, kuma duk cututtukan da suka sani sun nema ba su samu ba. Daga nan muka zama 'yan gida a asibitin. Na san bencin da rana ba ta bugawa. Na san in ba ka iso layin kati da sassafe ba, to sai wani makon. An taɓa ɓatar da fayil ɗinta muka sake komai daga farko. An yi yajin aiki muka yi ta zarya muna tarar da ƙofa a rufe. Duk da haka akwai nas-nas ɗin da in suka hango mu sai su ce, "Ga Bararo ta iso," tsokanar da suke yi wa Falmata don uwarta Bafulatana ce, su ba ta kujerarsu. Har muka saba. Mutum yana sabawa da tsoro in dai ya san kamanninsa.

A bazarar da ake shirin zaɓe na biyu ne abin ya sake kama. Falmata ta kai shekara goma. Da fari abin da na lura, in tana share ɗakin Iya sai ta tsuguna a tsakiyar sharar, tsintsiya a hannu, ta yi shiru. Na zata zafi ne. A mako na gaba Iya ta tare ni a madafa.

"Yarinyar nan fa ta daina kwanciya," in ji ta. "Na shimfiɗa mata, sai ta ja jiki ta jingina da bango. A zaune take barci kamar mai gadi."

Na je na dubi ƙafafunta. Igiyar silifa ta yi shata a bayan ƙafar, na danna da yatsa, ramin ya ƙi cikowa. Kowa a gidan ya ce ruwan cikin ne ke tokare mata ƙirji. A asibiti ma likitan da muka samu ranar ya sa abin awonsa ya saurari ƙirjin, ya ce zuciya lafiya take bugawa, ya ƙara mata maganin fitsari. Ba laifinsa nake gani ba. Abin da kunnensa ya ji ya faɗa.

Shawarwari kuwa suka yi ta zuwa kamar ana aiko su. Kawuna ya aiko daga ƙauye a kai masa ita ta sha madara da iskar daji. Wata maƙwabciya ta rantse saifa ce, a kira wanzami ya yi mata tsaga a gefen ciki. Nan kam maigidana ya ce ko kusa, ba mai sa wa 'yarsa aska. Wani abokin kasuwancinsa ya kawo ruwan magani a galan, baƙi ƙirin, ba suna ba komai, na ajiye a bayan randa har ya yi tsami. Iya ba ta kula kowa ba. Maganin gidansu ta koma wa. Kullum da safe za ta dama wa jikarta kunun kanwa, da yamma ta ba ta jiƙon ungurnu, wato jar kanwar Barno, wai ta wanke ciki ta sauke kumburi. Likitoci sun daɗe da ce mini in rage gishiri, na kuma rage a miya. Ban taɓa kawowa a raina cewa kanwa da gishiri 'yan gida ɗaya ba ne.

Zuwa mako na uku ta daina iya ƙarasa magana. Za ta ce, "Umma, ki ba ni..." sai ta tsaya ta nemi numfashi, sannan ta ce "ruwa." In ina aji ina koyarwa sai in ji kamar an kira ni, in leƙa taga, ba kowa.

A wannan makon Allah Ya haɗa mu da Dakta Nafisa. Likitar yara ce, tana cikin waɗanda suka tafi aiki Saudiyya a zamanin soja suka dawo bayan an koma farar hula. Na ɗage rigar yarinyar yadda na saba, in nuna ciki, sai ta ce in sauke. Wuyanta ta tsaya kallo, inda wata jijiya ke ta harbawa. Sannan ta ce, "Falmata, je ki taɓo ƙofar can ki dawo, ki gaya mini sunayen ƙawayenki na aji."

Ta je ta dawo. Ta faɗi suna biyu. Na ukun bai fito ba.

Dakta ta juyo gare ni. "Malama, ina so in ɗebi jininta, amma ba na hanta ba. Akwai wani gwaji da ke nuna halin da zuciya ke ciki tun kafin kunne ya ji. Ba a fara yin sa ga kowa a nan ba. Mu 'yan kaɗan ne muke bincike da shi a kan yara masu ciwon hanta. Sai mahaifinta ya yarda."

Zuciya. Na fito daga ofishin ina jin kalmar tana bi na a baya.

A Kano, tun bayan gwajin maganin da aka yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau, ba ka ce wa uba za a yi bincike a kan ɗansa gabansa bai faɗi ba. Da na gaya wa maigidana, ajiye lomar da ya ɗauka ya yi. "Gwaji za su yi da 'yata?" Washegari ya rufe rumfa ya bi mu. Bai ko zauna ba ya tambayi Dakta, "Hajiya, wani abu za ku sa mata a jiki?"

"Ba abin da zai shiga, Alhaji. Ɗiba za mu yi, kamar cikin cokali. In ka ce a'a, zan ci gaba da duba ta yadda nake duba kowa."

Ya daɗe yana kallon 'yarsa, kafaɗunta na hawa suna sauka. Ya ce, "Bismillah."

Jiran sakamakon nan ban taɓa jira irinsa ba. Ina roƙon Allah Ya sa kada a ga komai, ina kuma tsoron kada a ga komai ɗin, don in ba zuciya ba ce, to mene ne? Ranar da muka koma, tun daga yadda Dakta ta tura wa yarinyar biro da takarda ta ce ta yi mata zane, na san labarin ba mai daɗi ba ne.

Abubuwa biyu suka auna. Sunayensu sun zauna mini daram: ɗaya bi-en-fi, ɗaya turofonin. Ta ce na farkon zuciya ce ke sakinsa cikin jini in ruwa ya yi mata yawa tana miƙewa da ƙyar. Na biyun kuma yana fita ne in naman zuciyar ya fara jin rauni. Na Falmata duka sun hau.

Na ce, "Amma Dakta, an saurara an ce lafiya."

"Haka za a ji. In tana zaune lafiya take bugawa. Ciwon hanta in ya daɗe yana gajiyar da zuciya a ɓoye. Ranar da aka ɗora mata kaya, zazzaɓi mai zafi, ko zubar jini, ko a ƙara mata ruwa da sauri, ranar ce za ta gaza." Ta riƙe hannuna. "Ki riƙe wannan. Duk asibitin da kuka shiga da ita, kafin ki ce hanta, ki ce zuciya."

Ta rubuta mana hoton zuciya, wanda sai da muka yi makonni kafin layi ya zo kanmu, shi ma ya tabbatar. Ta canja magunguna. Sannan ta tambayi abin da yarinyar ke ci. Ina lissafo tuwo da miya ba gishiri, sai Falmata ta ɗago daga zanenta ta ce, "Da kunun kanwar Iya. Da jiƙo."

Dakta ta ajiye biro. Ta dube ni, ta gane ba ni da bakin da zan faɗa wa surukata ta daina abin da ta gada. Ta ce, "Ku zo mini da Iya."

Iya ta zo, da mayafinta na unguwa da carbi. Dakta ta taso daga kujerarta ta durƙusa ta gaishe ta. Ta ce, "Iya, ban ce kanwarki guba ce ba. Kin raini 'ya'ya da ita. Amma tana riƙe ruwa a jiki kamar gishiri, kuma zuciyar jikarki ba za ta iya tura ruwan ba. Ke kaɗai za ki iya tsayar da wannan, don a hannunki take ci."

Muka dawo gida da Iya. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwaryar ungurnun da ƙanenta ya aiko mata daga Barno, ta aika wa maƙwabcinmu mai kiwon raguna. Ni kuwa yinin ranar na yi ta raɓe-raɓe. Da magariba ta leƙo madafa ta ce, "Daga yau ki zuba nawa a tukunyar yarinyar." Tun daga ranar Iya ba ta ƙara cin gishiri ba, don kada jikarta ta ci lami ita kaɗai.

Muka samu sauƙi na 'yan makonni. Ƙafa ta saɓe, ta fara kwanciya a kan filo biyu. Sabon maganin ya fi ƙarfin albashina, wanda shi ma ba ya zuwa a kan kari, har na sayar da keken ɗinkina. Ban ji ciwon sayarwar ba, ganin tana ƙarasa magana.

Wata Juma'a, maza duk sun tafi masallaci, Iya tana yi wa Falmata kitso a inuwar tsakar gida. Ina wanki. Na ji ta ce, "Iya, amai." Iya ta tura mata kwano. Abin da ya fito jini ne, baƙi-baƙi da guda-guda, ya cika kwanon ya zubo a mayafin Iya. An taɓa gaya mana jijiyoyin maƙoshin mai ciwon hanta kan kumbura su fashe. Ji daban, gani daban.

Ban san yadda na goya yarinya 'yar shekara goma na ratsa lungunan unguwarmu ba. Na dai san Iya na bayana ba takalmi. Allah Ya ba mu tasi a bakin titi. Muna isa wajen Ƙofar Ɗan Agundi muka tarar da hanya a toshe. Jerin gwanon wani ɗan takara ne, motoci sun cika titi hannu biyu, samari a kan rufin bas suna ɗaga hotuna, ga kiɗa, ga babura na ta zagaye. Direba ya danna ham har ya gaji, ba mai ji. Kan Falmata na cinyata, leɓenta ya yi fari fat, jikinta sanyi ƙalau cikin wannan zafin. Ta sake yin wani aman.

Sai na ji an buɗe ƙofa. Iya ce ta fita. Tsohuwar da ko zaure ba ta leƙawa ba dalili, ta cire mayafin nan mai jini ta ɗaga shi sama, ta shiga tsakiyar motoci tana dukan su da tafin hannu.

"Ku dubi wannan! Jinin jikata ne! Ku ba mu hanya don Allah!"

Kiɗan kusa da mu ya tsaya. Samarin da nake tsine wa a zuciyata su ne suka diddiro daga kan bas, suka shiga ture babura, suna dukan gilashin motoci suna ihu a matsa, har suka tsaga mana hanya. Har yau ban yafe toshe titin ba, har yau kuma ina sa su a addu'a.

Muna shiga sashen gaggawa, nas ta ga ciki ta ga ido ta ce, "Hanta ce ko?" Tuni wata ta rataye ledar ruwa.

Na ce, "Zuciya. Zuciyarta ba ta da ƙarfi. An gwada jininta an gani. Dakta Nafisa ta ce kada a sa mata ruwa da sauri."

Likitan da ke aiki ya juyo nan take. Ya rage gudun ruwan da hannunsa, ya tura a nemo fayil, ya fita ya kira Dakta da wayar hannu, irin waɗanda suka fara shigowa lokacin. Da ya dawo bai ɓoye mini ba. "Malama, ta zubar da jini da yawa, dole a ƙara mata. In muka yi a hankali, jinin na iya yi mata kaɗan. In muka yi sauri, zuciyar ba za ta ɗauka ba. Tsakani za mu bi. Ki yi addu'a."

A ma'ajiyar jini aka ce sai mun kawo masu bayarwa. Ina tsaye ban san inda zan nufa ba, sai ga maigidana, labari ya same shi a ƙofar masallaci, bayansa 'yan layinsu na kasuwa da manyan rigunansu na Juma'a, kowa na naɗe hannun riga.

Aka sa jinin, ɗigo, a jira, ɗigo. Na zauna ina kallon robar kamar kallona ne ke tafiyar da ita. Dakta Nafisa ta iso da kayan gida a jikinta. Bayan la'asar launin leɓen ya fara dawowa, har Iya ta tafi alwala.

Sai numfashin ya canja. Ya koma sauri-sauri, da wani ƙara kamar ana hura ruwa da tsinke. Ta fara fizge-fizge tana neman tashi, idonta ya firfito, kumfa ta fito a gefen bakinta. Dakta ta rufe jinin, ta ce a zaunar da ita, ta yi mata allura, ta ce a kawo iska. Tukunyar iskar da ke ɗakin babu komai a ciki. Sai da aka garo wata daga wani sashe, ina jin ƙarar ta a baranda tana tahowa kamar ba za ta iso ba. Ni ce na tallafe ta ta baya. Na ji kanta ya yi nauyi ya faɗo a kafaɗata, hannunta ya saki rigata.

"Falmata!"

Ban san na faɗa ba sai da na ji muryata ta cika ɗakin. "Falmata! Falmata, ki dube ni!" Gaban ubanta, gaban surukata da ta dawo da ruwan alwala a fuska. Aka ɗora mata abin iska a hanci. Dakta na riƙe da wuyan hannunta, ba ta dubi kowa ba. Ban san tsawon lokacin ba. Can sai na ji ɗumi ya jiƙa mini zane. Fitsari ne. Dakta ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Alhamdulillahi. Allurar ta kama, ruwan ya fara fita." Ban taɓa murna da fitsarin yaro irin ta ranar ba.

Sai washegari da hantsi ta yi magana. Ta janye abin hancin ta ce a hankali, "Umma, ashe kin san sunana." Iya ta juya fuska ga bango, kafaɗunta na girgiza. Ban san ko dariya take ko kuka ba.

Daga baya likitan gaggawar ya ce mini, da a yadda aka saba aka sake mata ruwa da jinin nan, da wuya ta kai magariba. Shi ma ba zai sani ba, don kunne ba ya nunawa.

Mun yi makonni a kwance. Aka zura mata na'ura ta baki aka ɗaure jijiyoyin da suka fashe. A gadon da ke kusa da namu akwai wani yaro mai irin ciwonta da aka kawo daga wani ƙaramin asibiti bayan an yi masa ƙarin ruwa, numfashinsa irin wanda na sani. Bai tashi ba. Na taya uwarsa naɗe tabarmarta, na kasa haɗa ido da ita.

To, 'yan'uwana iyaye, ga abin da nake roƙonku. In ɗanku na da ciwon hanta ya fara ƙin kwanciya, ko magana na yanke masa, ko ƙafa ta kumbura, kada ku tsaya a kan cewa ciki ne ke tokare shi. Ku roƙi a duba zuciya, ku tambaya ko akwai gwajin jinin. Ku gaya wa likita duk abin da yaron ke sha a gida, har wanda kuke ganin ba magani ba ne. Allah Ya saka wa duk wanda ya tsaya mana, Ya ji ƙan yaran da ba su tashi ba, Ya sa masu mulki su tuna tukunyar iska ba ta cika kanta.

Falmata ba ta warke ba. Dakta ta gaya mana gaskiya, maganin ƙarshe dashen hanta ne a ƙasar waje, abin da ko a mafarki ba mu kai ba. Muna dai lallaɓawa. Duk bayan 'yan watanni a ɗebi jinin, in koma cikin jiran nan, kuma bai taɓa yi mini sauƙi ba.

Kwanakin baya aka yi biki a gidanmu. Da yamma 'yan mata suka kafa gaɗa a tsakar gida, irin wadda yarinya ke sakin jiki ta faɗa baya, ƙawaye su cafe ta su cilla. Falmata ta zo ta tsaya a gabana.

"Umma, sau ɗaya."

Bakina ya buɗe zan ce a'a. Dakta ta taɓa cewa a bar ta ta yi wasa, ita za ta san iyakarta, amma Dakta ba ta nan. Na ɗaga mata kai. Ta shiga tsakiya, suka ɗauki tafi da waƙa. Ta juya musu baya, ta buɗe hannuwa, ta saki jiki. Suka cafe ta, suka cilla, ta dira a kan ƙafafunta tana dariya. Suka ce ta sake. Ta girgiza kai, ta je ta zauna a kan turmi tana haki, tana taya su tafi daga zaune.

Na shige ɗaki na zauna a bakin gado, na yi hamdala, sannan na fito na ci gaba da rabon tuwo.